Ranar da Wan-lai Ya Gasa Kwamfutar Surukarsa

Duk wanda ya taɓa zama a layin bayan kasuwar kifi ta garin Tungkang da ke bakin teku ya san Tsai Wan-lai. Ko bai san shi da ido ba, ya san muryarsa. Gajeren mutum ne mai tumbi, kullum cikin farar singileti da silifa shuɗi, ga tarin makullai a ƙugu waɗanda ba wanda ya taɓa ganin ya buɗe ko akwati da su. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a wata masana'antar kayan kwamfuta can arewa, kuma tun da ya dawo gida bai bar kowa ya manta ba. Abin da ba ya son faɗa shi ne a bakin ƙofa ya yi aikin, yana ɗaga wa manyan motoci ƙarfe su wuce. Idan aka tuna masa, sai ya ce ai shi ya sa ya fi na ciki sani: su kowa ɓangare ɗaya yake gani, shi kuwa duk kwamfutar da ta fita daga wurin nan ta gabansa ta wuce.

A lokacin wayar hannu ba ta fara nuna fuskar mutum ba. Saboda haka kafin ƙanen matarsa, Hai-sheng, ya tafi teku da jirgin kamun kifin da yake ja, sai ya saya wa mahaifiyarsu, Kaka Giok, kwamfutar tebur mai ƙatuwar akwati da ɗan idon kyamara a sama, don duk tashar da suka yada zango tsohuwa ta gan shi ya gan ta. Ya daɗe bai dawo ba, kuma shi ne autanta, wanda har yanzu take ajiye masa kwano a tebur.

Ana gobe bikin cikarta shekara tamanin, an riga an tare layin da rumfa, an jera tebura masu jan ƙyalle, an ari majigi daga kwamitin haikali don a haska Hai-sheng a farin zani kowa ya gan shi yana gaida uwarsa. Su-chin, matar Wan-lai, ta ce bari ta gwada kwamfutar. Ta kunna, ta yi 'yan mintoci lafiya, sai kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfutar ta ƙame wuri ɗaya. Hoton jikokin Kaka da ke fuskar ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai, kore da ja da ruwan hoda, kamar an zubar da kwandon zare. Ta kashe ta sake kunnawa, haka dai.

Ta ce za ta ɗora ta a babur ta kai wa mai gyaran da ke kusa da tashar mota. Wan-lai yana kwance a kujera yana fifita, ya miƙe zaune kamar an tsikare shi. Ya tambaye ta ko so take garin nan ya yi masa dariya, a ce gidan da yake ciki aka fita da kwamfuta neman magani.

Ta ce, "Ka taɓa buɗe cikinta kuwa?"

Ya ce, "Likita sai ya yanka kowa kafin ya san abin da ke ciki? Matsa."

Ya zagaya teburin yana ƙanƙance ido. Ya kara kunne a jikin akwatin, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Daga nan ya ɗauke ta da mari. Murabba'an suka koma zane-zane a tsaye. Ya ce to, ta fara amsawa. Ya ƙara mata wani a ɗaya gefen, zanen ya kwanta. Kaka Giok tana zaune a lungu tana ɓare tafarnuwa, ba ta ɗago ba ta ce da marigayi mijinta ya san haka ake gyara, da ya yi suna, domin shi ma hannunsa ba ya gajiya.

Wan-lai ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauko sukudireba ya kwance duk wani sukurun da idonsa ya gani, har da waɗanda ba su tare masa hanya ba. Murfin ya faɗo masa a ƙafa. Ciki kuwa ƙura ce ta yi kauri kamar bargo. Ya nuna wa matan yana murmushin wanda ya kama ɓarawo, ya ce ga cutar nan: numfashi ne ya gagare ta, zafi ya hau mata kai, shi ya sa take ganin abin da babu.

Su-chin ta miƙo masa burushi. Ya ce burushi na masu koyo ne. Ya rungumi akwatin a kan tumbinsa, wayoyi na jan ƙasa, ya nufi shagon A-Kun mai faci a bakin layi.

A-Kun yana tsugune yana cire tayar babur. Da ya ji abin da ake so, ya ce injinsa na hura tayar mota ne, ba na hura shayi ba, a dai bi a hankali. Wan-lai ya karɓe tiyon iskar injin ya ce shi da ya ga ana yin wannan da injin da ya fi gidan A-Kun girma. Ya cusa bakin tiyon cikin akwatin, ya danne har ƙarshe.

Ƙurar ta tashi gaba ɗaya kamar an fasa buhun toka. Iskar teku ta kwashe ta, ta tsallaka titi, ta sauke ta a kan teburin Goggo A-Chu mai sayar da kifi, wadda ta gama yanka jan naman kifi ta jera shi a faranti yana sheƙi. 'Yar fankar da ke cikin kwamfutar kuwa ta yi ta juyawa tana kuka har kukan ya koma fito, sai ji aka yi ƙas, fiffikenta ɗaya ya fita kamar harsashi ya faɗa cikin kofin shayin A-Kun.

Goggo A-Chu ta tsallako da wuƙarta a hannu. Mace ce da ko 'yan jirgi ba sa ja da ita. Ta ɗora farantin a ƙarƙashin hancinsa ta ce ya faɗa mata wane irin kifi ne wannan mai gashi.

Ya ce, "Goggo, ƙurar kwamfuta ce fa, ba ta titi ba. Tsaftatacciya ce. A ɗaki ta girma."

Ta ce, "To ci."

Ya ce yana da ciwon ciki tun jiya. Ta ce za ta kai farantin gidansu, ya ci idan ya warke. A-Kun ya tsamo fiffiken daga shayinsa ya miƙa masa, ya tambaya ko wannan ma cikin cutar yake. Wan-lai ya karɓa ya jefa a aljihu, ya ce dama fiffike ya yi wa fankar yawa, shi ke ja mata nauyi.

Ya koma gida ya jona komai, ya jawo babbar fankar ɗaki ya saita ta a bakin akwatin ya bar cikin a buɗe. Kwamfutar ta yi ƙara uku kamar tsako, ta kawo hoto, ta ƙame. Wannan karon zanen har rawa yake yi. Maƙwabta sun fara taruwa a taga, domin labarin kifi mai gashi ya riga shi isowa. Su-chin ta ce har yanzu mai gyaran bai rufe shago ba. Ya ce mata ta daina ambaton mutumin nan a gaban jama'a. Ya kama wani faffaɗan faifai mai ɗan ƙarfe a cikin akwatin, ya jijjiga shi kamar mai cire haƙori har ya fito, ya ɗaga wa mutanen taga. Ya ce wannan shi ke zana hoto, kuma dalmar da ke riƙe da shi ce ta saki. Ya taɓa jin wasu injiniyoyi biyu suna hira a mota, suna jira ya ɗaga musu ƙarfe, cewa idan dalma ta saki sai a gasa faifan ta narke ta koma mazauninta.

Wani daga taga ya tambaya gashi nawa ake yi masa. Wan-lai ya ce daidai nan ya ɗaga ƙarfen suka wuce, amma sauran ai hankali ne.

Washegari da safe, ranar biki, ya tafi wurin Maigida Liao mai gurasar nama da masoro, wanda tanderunsa ke ci tun asuba domin shi aka ba aikin gurasar bikin. Liao ya saurare shi har ƙarshe, ya goge hannu a ƙyalle, ya ce tun zamanin kakansa ba abin da ya shiga tanderun nan sai abin da ake ci. Wan-lai ya ce zafi ai zafi ne, bai san gurasa ba bai san kwamfuta ba. Liao ya ce a'a. Wan-lai ya ce to shi ke nan, ya tsaya gefe yana yabon ƙamshi.

Da masu saye suka yi yawa Liao ya juya baya, sai Wan-lai ya gutsuri kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya manna a bayan faifan, ya zura hannu ya liƙa shi a bangon tanderu a tsakiyar sahun gurasa, ya mayar da murfi. Gashin hannunsa ya babbake har gwiwar hannu, amma ya daure, ya ɓoye hannun a baya yana fito.

Ba a jima ba ƙamshi ya sauya. Wata mata da ke layi ta ce kamar ana ƙona taya. Liao ya buɗe murfin, wani shuɗin hayaƙi ya bugi fuskarsa. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ɗauki dogon ƙarfensa ya ɓamɓaro abin ya ɗaga sama. Faifan ya ɗan lanƙwashe, robar gefensa tana ɗiga, ga riɗi da ganyen albasa sun manne masa, ga gurasa ta nuna sumul a bayansa.

Liao bai ɗaga murya ba. Ya ce wannan sahun duka na teburin manyan baƙi ne, kuma zai kai su yadda suke, duk wanda ya tambayi ɗanɗanon zai nuna masa mai girkin. Wan-lai ya ce ba komai, amma a ba shi faifan kafin ya wuce nuna. Ya karɓe shi da gefen singileti yana tsalle da shi daga hannu zuwa hannu, ya rasa inda zai ajiye, sai ga akwatin ƙanƙarar Goggo A-Chu a buɗe. Ya tura shi tsakanin kifaye biyu. Abin ya yi cuu. Ya zaro ya ruga tun kafin ta gama zagayo teburin, silifarsa ɗaya ta zauna a can.

Abin mamaki, da ya kankare gurasar ya goge ruwan ya cusa faifan da ƙarfi, kwamfutar ta tashi. Hoton jikoki ya fito tas. Kibiya tana yawo duk inda aka kai ta. Su-chin ta tsaya baki buɗe. Wan-lai ya karkaɗe hannuwansa. Ya shiga ɗaki ya fito da kwat ɗin aurensa, wadda maɓallanta suka daɗe da yin sallama da juna, ya bi layin daga farko har ƙarshe yana gaya wa kowa, har da waɗanda suke wurin lokacin da abin ya faru. Kafin azahar labarin ya zama shi ya koya wa injiniyoyin nan biyu.

Da yamma rumfa ta cika. An kawo taliyar fatan tsawon rai da jajayen ƙwai irin na al'adar bikin, 'yan badujala da aka ɗauko suna busa, Kaka Giok tana zaune a teburin gaba cikin jar riga da zinariya a wuya, tana ta duban farin zanin da aka ɗaure. Manyan baƙi suna gutsurar gurasa suna ajiyewa a hankali. Wan-lai ya ɗora kwamfutar a kan tebur a gaban kowa, ciki a buɗe don a ga aiki, ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa. Ya yi bayanin ƙura, ya yi bayanin dalma, ya ce akwai masu zuwa makaranta su koyi gyara, akwai kuma waɗanda aka haifa da shi. Ya ce duk mai kwamfuta mara lafiya ya kawo, ba ya karɓar komai sai godiya.

Sai ga Hai-sheng a jikin zani, ƙato, ya yi baƙi da rana, yana dariya daga wani ofishin tashar jiragen ruwa a can wata uwa duniya. Rumfa ta ɗauki tafi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ɗanki na gaishe ki." Tsohuwa ta miƙa hannu kamar za ta taɓa shi, idonta ya kawo ruwa. Wan-lai ya juya yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai.

Yana cikin gyaɗa kan ne ya ga fuskokin mutane sun sauya. Ya waiwaya. Hai-sheng ya ƙame baki a karkace. Fuskarsa ta koma kore shar, idonsa ɗaya ya zamo ya sauka kusa da haɓa, wasu dogayen zane suna zuba daga gashinsa kamar ruwa. Muryar kuwa ba ta tsaya ba, sai dai tana zuwa a gutsure. Shi yana ba da labarin ana ruwa a can, akwai sanyi, sun sauka ƙasa lafiya. Abin da ya fito daga lasifika kuwa, a ja a ja, shi ne: "Mama... ruwa... sanyi... ƙasa... ƙasa..."

Kowa a Tungkang ya san wanda ke zuwa da koriyar fuska yana kukan sanyin ruwa: fatalwar wanda ya nutse a teku. Wata tsohuwa ta saki sandunan cin abincinta. Kaka Giok ta miƙe tsaye, ta ce dama ta sani, jirgin ya nutse an ɓoye mata, ga shi ya zo da kansa ya faɗa. Ta kira sunansa na yarinta ta zube a kujera. Tsofaffin mata suka kewaye ta suka fara kuka. Wani ya ruga haikali kiran mai addu'a. 'Yan badujala, waɗanda dama biki da makoki duk suna zuwa, suka dubi juna, babbansu ya ɗaga kafaɗa, suka juya kiɗa zuwa na rakiyar gawa.

Wan-lai ya yi ta ihu a makirufo cewa ba fatalwa ba ce, dalma ce. Ba wanda ya saurare shi. Ya mari akwatin, idon Hai-sheng na biyu ya bi na farko. Kuka ya ƙaru. Ya taɓa faifan, ya ƙone shi, ya ce zafi ne ya dawo. Ya waiga ya ga bokitin ƙanƙarar da aka tsoma kwalaben lemo, ya kwashe kwalaben, ya ɗaga bokitin. A-Kun ya taso yana cewa kada, Su-chin ta taso, har Goggo A-Chu ta taso. Ya ce ƙanƙarar kawai zai jera a gefe, ya san abin da yake yi. Ya karkata bokitin kaɗan. Ƙanƙarar ta tsaya, ruwan ya tafi.

Aka ji tas, wuta ta yi tartsatsi, wani siririn hayaƙi mai warin kifi da masoro ya miƙe sama. Hai-sheng ya ɓace. Majigi ya mutu, fankoki suka tsaya, fitilun rumfa da na layin gaba ɗaya suka ɗauke. Mai addu'a ya iso da gudu yana haki, ya ga hayaƙi na tashi a gaban farin zani, ya ce wa ya riga shi kunna turare.

Cikin wannan duhun aka ji wayar gida tana ƙara. Su-chin ta shiga ta ɗauka, ta leƙo ta ce Hai-sheng ne, yana tambaya me ya sa hoto ya ɗauke, kuma wa ya mutu yake jin kiɗa. Aka riƙo Kaka Giok aka kai ta. Jama'a suka cika ƙofa da taga. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta tambaye shi daga ina yake magana, sama ko ƙasa. Ta tambaye shi me ya ci yau. Ta sa shi ya tsunkuli kansa ya gaya mata ko da zafi. Da ta gamsu, sai ta share hawaye ta shiga yi masa faɗa: ya rame, bai aske gashi ba, kuma wane irin ɗa ne zai zo bikin uwarsa da irin wannan fuska. Aka ji dariyarsa har waje. 'Yan badujala suka koma kiɗan biki daga inda suka tsaya.

Ta fito tana dogara sanda, mutane suka buɗa mata hanya har gaban teburin. Wan-lai yana nan tsaye, bokiti a hannu, kwat ta jiƙe, gira ɗaya ta ƙone. A-Kun ya samu ya mayar da wutar layin, fitilu suka kawo, fuskar kwamfutar kuwa ta zauna baƙa ƙirin, ruwa na ɗiga daga akwatin zuwa kan silifarsa. Duk rumfar ta zuba masa ido.

Ya ajiye bokitin, ya gyara wuyan kwat, ya nuna fuskar kwamfutar da tafin hannu.

Ya ce, "Mama, a yi min adalci. Cewa aka yi tana nuna zane-zane, in kawar da su. Ki duba da kyau. Akwai zane ko ɗaya?"

Kaka Giok ta sunkuya ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗago ta ce babu, ko ɗaya babu. Sannan ta juya wajen 'yarta.

Ta ce, "Su-chin, idon nan nawa na hagu ya fara ganin hazo-hazo. Ki yi wa girman tsufana, kada mijinki ya ji."